Maɓallai Biyu a Ƙafata ta Hagu

Kun sha ganina ina shafa idon sawuna na hagu idan na idar da salla, kuma na san ƙananan cikinku sun ɗauka ciwo ne yake damuna. Ba ciwo ba ne. Dubawa nake yi in ji ko suna nan. Akwai maɓallai biyu na ƙarfe a cikin ƙafar nan, da zare a tsakaninsu, kuma akwai wata magana da na ɗora wa yayanku a kansu, wadda nake so in sauke masa tun ina numfashi. Ba zan iya kiransa in zaunar da shi in faɗa masa ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ban taɓa kamawa ba. Haka iyayenmu suka yi mana a ƙauye, haka na taho da abin birni. Shi ya sa na ce bari in sa maganar a nan, ku karanta gaba ɗaya, shi ma ya ji a cikinku.

Kun san ni tela ne, da ɗan shagona a Gyaɗi-Gyaɗi da keken ɗinki na ƙafa, don wutar unguwarmu ba abar dogaro ba ce. Da keken nan aka ciyar da ku. Amma ina da aiki na biyu wanda ba a biyana, wato wankan gawa da ɗinkin likkafani. Liman ne ya sa ni a ciki tun ina da ƙarfina, bayan ya gaji da ganina ina maimaita alwala a bakin masallaci har a tayar da salla.

"Malam Habu," ya ce da ni, "wannan wasiwasin naka a salla ɓarna yake maka. Kawo shi wajen mamata, su ba sa sauri."

Na kai shi kuwa, kuma ya yi amfani. Abin da na fi kula da shi a wankan shi ne kada mutum ya tafi da abin da bai zo da shi ba. Zobe, laya, guru, filastar asibiti, haƙoran roba, duk sai na cire na miƙa wa iyalinsa. Har bayan kunne nakan duba. Likkafani ma haka yake, ba aljihu, ba ado, ba maɓalli. Na ɗinka riguna masu maɓallai jere kamar masara, amma rigar ƙarshe ƙyalle ce fara kawai. Wannan ya zauna mini a rai har na ɗauke shi kamar doka ce: yadda ka zo haka za ka koma.

A wata damina muka kai wani maƙwabcinmu maƙabartar Tarauni. An yi ruwa da safe, ƙasa ta yi laushi. Na sauka cikin kabarin don in karɓi gawar, ƙafata ta hagu ta zame ta shiga ƙaramin ramin ciki ta maƙale, mutanen sama kuma sun riga sun saki nauyi a hannuna. Dole na juya da jikina don kada mamacin ya faɗi, ƙafar kuwa tana nan inda take. Na ji wani abu ya yage a saman idon sawuna, irin ƙarar da tsohon yadi yake yi idan ka ja shi. Muka rufe shi, muka yi addu'a, sannan na ga ba zan iya takawa zuwa bakin titi ba.

Wajen mai ɗori aka fara kai ni, wani dattijo a Unguwa Uku mai hannu mai kyau. Ya lalube ƙashin daga gwiwa har ƙasa, ya ce babu karaya, targaɗe ne. Gaskiya ya faɗa, bai karye ba. Ya shafa man shanu, ya ja, ya ɗaure. Kumburin ya sauka, amma da na koma kan keke na ɗora ƙafa na taka, sai na ji kamar ana buɗe ƙafar gida biyu. Na jarraba da ƙafar dama ita kaɗai, ɗinkin ya riƙa tafiya a karkace, ga ɗinkin salla ya fara taruwa. Innarku ta zuba mini ido tana kallo.

"Malam, kai da kake tambayar mai nama ko da wace wuƙa ya yanka, ƙafarka ce ba za ka tambaya ba?"

"Mai ɗori ya ce targaɗe ne."

"To zauna. In an zo karɓar ɗinki sai ka ba su targaɗe su sa."

Washegari da safe na leƙa waje na ga yayanku ya ajiye adaidaita sahunsa daidai bakin zaure, ya zauna a ciki yana kallon gaba. Bai yi sallama ya ce ga abin da ya kawo shi ba, ni ma ban tambaya ba. Na sa hula na shiga baya, ya ja muka tafi asibitin koyarwa. Haka muke yi da shi tun yana ƙarami.

Likitan ƙashin da ya gan ni mutum ne mai haƙuri da tambaya, kuma ya gamu da gamonsa. Ya sa hannu biyu ya matse tsakiyar ƙwaurina, ciwon ya amsa can ƙasa kusa da idon sawu. Abin ya ba ni mamaki, na ce ya ƙara. Bayan an ɗauki hoto ya ɗauko wata ƙafar roba daga kan teburinsa, ƙasusuwa zalla. A ranar na fara sanin cewa ƙashi biyu ne tsakanin gwiwa da idon sawu, babba a ciki, siriri a waje. Na wanke ƙafafun mutane masu yawa ina zaton ɗaya ne. Ya nuna mini inda suka haɗu a ƙasa suka riƙe ƙashin tafin ƙafa kamar bakin awartaki, ya ce akwai jijiyoyi masu ƙarfi da suka ɗinke su wuri ɗaya, su ne nawa suka yage. Duk lokacin da na taka, ƙasusuwan biyu buɗewa suke yi.

"Wato ɗinki ne ya farke," na ce.

"Haka ne, Baba. Yadin lafiyarsa lau."

Ya ce hanya biyu ce. Ta farko a huda ƙasusuwan a ɗaura musu dogon noti, ya riƙe su ƙam har jijiyar ta warke, bayan wasu watanni a sake tiyata a kwance shi. Ta biyu kuma ya buɗe aljihun tebur ya fito da ita ya ɗora mini a tafin hannu. Wasu 'yan ƙarafa ne biyu, ɗaya dogo-dogo kamar ƙwayar shinkafa mai ƙiba, ɗaya zagaye, da farin zare ya shiga ya fita a tsakaninsu. Ya ce za a huda rami ya ratsa ƙashi biyun, a zura zaren, maɓalli ɗaya ya kwanta a bayan wannan ƙashi, ɗaya a bayan wancan, sai a ja a ƙulle.

Na manta da ciwon. Na kai zaren kusa da idona. Ba auduga ba ce, ba irin na masu takalmi ba ne, saƙa ce aka yi masa mai kyau kamar kitso. Na naɗa a yatsa na ja, ya kusa yanka ni bai ko motsa ba. Na tambaye shi ko yana ruɓewa, ya ce a'a. Na tambaya ko ƙarfen yana tsatsa da ruwan alwala, ya ce ruwan alwala ba ya isa can. Na tambaya ko da gashin wata dabba aka yi zaren, don kada ya kasance na dabbar da ba ta halatta ba. Ya yi dariya ya ce babu dabba a ciki ko kaɗan. Na tambayi irin ƙullin da suke yi, ya nuna mini, na ga ƙulli ne mai hankali, wanda ja yake ƙara masa ƙarfi.

Ya ce ƙasusuwan nan biyu ba a manne Allah ya yi su ba, suna ɗan motsi kaɗan idan mutum yana lanƙwasa ƙafa. Noti yana hana wannan motsin muddin yana ciki, wani lokaci ma yakan karye idan aka matsa masa. Zare kuwa yana riƙewa yana kuma barin su su numfasa. Ga mutumin da abincinsa yake ƙarƙashin tafin ƙafarsa, in ji shi, zaren ya fi so mini. Na ji daɗin maganar, domin kowane tela ya san ɗinkin da ba shi da sassauci shi yake fara fashewa. Sai na yi tambayar ƙarshe.

"Shi kuma yaushe ake cirewa?"

"Ba a cirewa, Baba, sai in ya dame ka. Naka ne har abada."

Na ajiye masa kayansa a kan tebur a hankali.

A gida na kasa cin tuwo. Ni da na zare zobe daga yatsun alhazai, na kwance layar da uwa ta ɗaura wa ɗanta, ni ne zan shiga kabari da maɓallai? Na ce noti nake so, tunda shi ana kwancewa. Innarku ta ce ai noti tiyata biyu ne, kuma wa zai taka keken a tsakani. Na ce Allah zai kawo. Ta ce Allah ya riga ya kawo, yana cikin aljihun teburin likita.

"Kuma haƙorin Makka na Alhaji Garba fa?" ta ce. "Da kanka ka dawo ka ce mini ya ƙi fita, ka bar masa."

"Shi ai ba da saninsa ya tafi da shi ba. Ni da sanina zan sa."

"Shi kuma a barci aka sa masa a Makka?"

Na sa aka kai ni wajen Liman. Ya saurare ni har na gama, ya ce abin da aka sa don magani babu laifi a kansa, kuma mamaci yana da alfarma irin ta mai rai, ba a yanka shi don a ciro wani abu da ba ya cutar da kowa. Na ce na ji. Na tambaye shi ko hukuncin ƙarfe daban ne da na zare. Ya ce ɗaya ne. Na ce to idan maɓalli ne fa, tunda maɓalli kayan tufafi ne. Sai ya ce da ni:

"Malam Habu, na ce ka kai wasiwasin nan wajen mamata. Ban ce ka fara da kanka tun kana raye ba."

Kunnena ya karɓi fatawar, zuciyata ba ta karɓa ba. Ku da kuka zauna da ni kun san akwai tazara tsakanin wuraren nan biyu a jikina. Amma ƙafar ba ta jira, likita ya ce duk jinkiri yana ƙara wahalar gyaran, ga ku kuna makaranta. Na yarda da zaren. Sai dai na shirya wata dabara a raina wadda na ga kamar ta raba gardama: in yi amfani da shi a duniya, a cire mini kafin a rufe ni.

Ranar tiyata da hantsi, an sa mini rigar asibiti mai ɗauri a baya, wadda ko wanda ya ɗinka ta ba zai so a san shi ba. Innarku tana zaune a gefen gado, yayanku yana tsaye a bakin ƙofa ya ba mu gefe. Na ce da ita, da ƙarfin da zai ji:

"Ki gaya wa yaron nan, ranar da ta Allah ta kasance, kada a sa ni a likkafani sai an ciro mini abin nan."

Ta kawar da kai. Ita kunyarta a kansa ta fi tawa.

"Ni zan gaya masa? Ga bango nan, gaya masa."

Sai na fuskanci bango na maimaita, na ƙara da cewa wasiyya ce, amana ce a wuyan wanda ya ji. Daga bakin ƙofa na ji an ce, "To." Kalma ɗaya. Aka turo gadon aka wuce da ni.

Allura suka yi mini a baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu, amma idona biyu. Sun kare ni da ƙyalle, na roƙa a ɗan sauke don in gani, suka ƙi. Na ji ƙarar abin hudawa kamar na kafinta, na ji ana jan ƙafar ba ciwo. Da aka zo ƙulli na ce da likitan ta bayan ƙyallen ya ja sosai, kuma ya yanke bakin zaren kada ya bar gemu. Ma'aikatan suka yi ta dariya, ya ce in kwantar da hankalina, ba yau ya fara ɗinki ba.

Warkewar ta ɗauki lokaci, da filasta, da sanduna, da koyon taku kamar yaro. Abin da ya fi cika mini rai a lokacin shi ne tunanin abin da yake faruwa a ciki. Ina zaune a tsakar gida sai in yi ta kallon ƙafar ina cewa yanzu zaren nan yana cikin duhu, a cikin rami, yana riƙe da ƙashi biyu, ba ya gajiya, ba ya barci. Da na koma asibiti aka nuna mini sabon hoto, na ga maɓallan farare tas, ɗaya nan ɗaya can, zaren kuwa bai fito ba sam, kamar ba abin da ya haɗa su. Likita ya ce jijiyar tana ɗinke kanta a inuwar zaren, nama kuma zai bi ya lulluɓe maɓallan. Na ce ashe jiki ba ya ƙyamar baƙo. Ya ce wani baƙon dai. Ranar da na hau keke na taka da ƙafa biyu na ji ɗinki ya miƙe sak, Innarku ta leƙo shago ta ce a gaishe da maɓallai. Da su aka yi kuɗin makarantarku, da su aka aurar da 'yan matan cikinku.

Maganar bango kuwa ban sake tayar da ita ba, shi ma bai tayar ba. Na ɗauka ta kwanta a inda irin waɗannan maganganu suke kwanciya.

Shekaru suka tafi, bayana ya fara gazawa, yayanku ya soma bina wajen wanka yana zuba mini ruwa yana taya ni juyawa. Ban ce ya zo ba, ganinsa kawai na yi da buta. Bara, wata rana bayan azahar, aka kira mu wani gidan haya a Unguwa Uku. Wani lebura ne daga ƙauye ya rasu, ba shi da kowa a nan sai abokan aikinsa, suna tsaye a waje. Muka haɗa ruwan ɗumi da magarya, na naɗe hannuna da ƙyalle na fara. Da na iso ƙafarsa ta dama sai na ga dogon tabo a gefen idon sawu, na bi da yatsa, na ji kawunan notoci a jere a ƙarƙashin fata, da wani ƙarfe shimfiɗe a jikin ƙashi. Ko daga bene ya taɓa faɗowa, ko mota ce, Allah masani. Na tsaya ina lalubawa, ina lissafin yadda aka yi aikin, don irin nawa ne amma ba irin nawa ba.

Ruwa ya daina zuba. Na ɗaga kai na ga yayanku ya ajiye butar, ya sa hannu a aljihu ya fito da sabuwar reza a cikin takardarta, takardar har ta yi laushi don daɗewa. Bai dube ni ba, butar yake kallo.

"A nan ake farawa, ko ta ciki?" ya ce. "Ina so in ga yadda ake yi. Na tambaya a asibiti sun ce su ba sa yi. Kada ranar ta zo ban iya ba."

Mutum ne mai 'ya'ya, da furfura a gemunsa, kuma tun ranar da na yi magana da bango yake yawo da wannan a aljihu, yana sauya wata idan ta yi tsatsa. Na dubi ƙafar bawan Allahn nan. Ni da nake gwada ruwa a bayan hannuna kada ya yi wa mamaci zafi, ni da ba na juya gawa sai na ce mata sannu a raina, na rasa ta inda reza za ta shiga wannan aiki. Ƙarfen nan ya ɗauki mutumin ya hau da shi gini ya sauko, ya nemo wa 'ya'yansa abinci, fata ta rufe shi ta yi gashi a kai. Zobe ana zarewa a miƙa wa magada. Wannan wa za a miƙa wa?

"Zuba ruwa," na ce.

Ya mayar da rezar aljihu ya ɗauki buta. Na wanke ƙafar da ƙarfenta, muka sa masa kafur, muka naɗe shi. A hanyar dawowa ina bayan adaidaita, bakina cike da magana, na yi ta kallon ƙeyarsa har muka iso Gyaɗi-Gyaɗi ban iya furta ko ɗaya ba. Na san ya ɗauka don baƙo ne na ƙyale shi, nawa yana nan yana jiransa, domin ranar Juma'ar da ta wuce ya sunkuya ɗaukar takalmina na hango bakin takardar a aljihun rigarsa.

To ga shi na faɗa a gabanku duka, kuma wannan karon ba da bango nake ba. Na janye wasiyyar asibiti. Wanda ya ce "To" ya cika alkawarinsa, babu komai a wuyansa duniya da lahira. Ya jefar da rezar a masai. Ranar da za ku wanke ni, shi nake so ya riƙe ƙafar hagu. Idan ya bi da babban yatsa ta ciki, sama da idon sawu kaɗan, zai ji wani ɗan tudu kamar maɓallin wuyan riga a ƙarƙashin yadi. Na wajen ya fi wuyar samu, sai ya danna a hankali. Ya taɓa su ya tabbatar suna nan, don ni ba zan iya dubawa ba a ranar. Sannan ya ce a zuba ruwa.